KADA AKUSHIN KAKA YA ƘARE A MURHU

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Sabon Badun da na Shagamu da Agege da Idi-Araba da Anacha da Fatakwal, da duk inda neman abinci ya kai Bahaushe ya ajiye shi. Yau so nake mu tattauna a kan abin da na san wasu za su ce rashin aikin yi ne ya sa na ɗauko shi, wato kayan itacen da ke cikin gidajenmu: akushi da turmi da allo da kujerar tsuguno da carbi da akwatin katako da makamantansu. Ra'ayina shi ne waɗannan kaya gado ne, kamar yadda gida da rumfar kasuwa suke gado, kuma mu da muke zaune nesa da tushenmu mun fi kowa bukatarsu, amma abin takaici mun fi kowa saurin rabuwa da su.

Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado a nan Sabo ya san yadda abin yake tafiya. Bayan an share makoki sai a kira malamai, a baje takardu, a lissafa gida da rumfa da kuɗin banki da bashin da mamaci yake bin mutane da wanda ake binsa. Har manyan rigunansa da agogonsa da rediyonsa sai an yi musu kuɗi an sa a lissafi, kuma haka ya dace, domin haƙƙin magada ne. To amma ban taɓa jin an ce a kawo akushin Malam a ƙimanta ba. Shi wannan sai a tura shi bayan ƙofa, daga nan a fitar da shi tsakar gida, ruwan Kudu da ba ya jin kira ya yi ta dukansa, gara ta shiga ta ƙasa. Ranar da gas ya ƙare ana tsakiyar girki, wata yarinya ta ɗauko gatari. Idan ya yi sa'a, 'yan gwangwan ne za su karɓe shi su ba da bokitin roba, wanda shi ma kafin damina biyu ya tsage. Babu wanda ya yi niyyar mugunta a cikin wannan duka, kawai dai ba a taɓa gaya wa kowa cewa abin yana da daraja ba.

A gidanmu akwai akushi guda ɗaya da ya tsira. Na kakata ne, mahaifiyar Baba, wanda aka saka mata cikin kayan aure a wani ƙauye na ƙasar Gaya, ta taho da shi a jirgin ƙasa har Badun a 1960, lokacin da ta biyo kakanmu da ke fataucin goro. Baƙi ne wuluk, bakinsa ya siɗe saboda yawan hannu, kuma a gefe guda akwai tsaga da wani maƙeri ya kama da ƙarfe guda uku. Idan ka tambayi Gwaggo, ƙanwar Baba, za ta gaya maka ranar da ya tsage da wanda ya yar da shi da irin dukan da ya sha. Za ta gaya maka cewa a cikinsa ake kai wa baƙin fatake tuwo a zaure, lokacin da kakanmu yake saukar da mutanen Arewa masu zuwa sarin goro. Daga nan sai zance ya buɗe: wane ne ya fara zuwa Kurmi a danginmu, me ya fito da shi daga gida, waɗanne dangi aka bari a can. Ni duk abin da na sani na tarihin gidanmu, rabinsa ta bakin wannan akushi na same shi. Hoton kakata guda ɗaya tak muke da shi, shi ma ya dushe, ba ka gane fuskar sosai. Akushin kuwa yana nan yadda ta bar shi, kana iya sa hannunka daidai inda take sa nata.

Mai karatu, ka tuna Sabon Badun ba jiya aka kafa ta ba. Tun 1916 aka ware wa Hausawa wannan unguwa, kuma wani Bature mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna cikinta ya yi bincike, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda kakanninmu suka riƙe cinikin goro da na shanu. Ke nan an haura shekara ɗari. To ina tambaya, a cikin gidajen Sabo gida nawa ne za su iya fito da abu guda ɗaya da hannun waɗancan mutanen farko ya taɓa? Gine-ginen an rushe an sake, takardu ruwa ya ci, tufafi sun mutu. Itace mai kyau shi ne abin da zai iya kai wannan shekaru cikin sauƙi in an kula da shi, kuma shi ne muka ƙone.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake yin akushi ba ne yake raina shi. Masassaƙi yakan fara tun daga daji, ya zaɓi bishiya, ya sare gungume, ya raba shi, sannan ya zauna da gizago yana ɗebe cikin a hankali. Ba shi da ma'auni sai idonsa da tafin hannunsa. In ya yi ganganci sau ɗaya, gizago ya zarce, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Bayan ya fafe ya kankare, sai a ƙona jikin da wuta ko ƙarfe mai zafi don ya yi baƙi, a yi masa zane, a shafe shi da mai. Shi ya sa ba za ka taɓa samun akusa biyu da suka yi daidai da juna ba, kowanne da ɗan karkacewarsa. Kuma ba don ado kawai iyayenmu suka riƙe shi ba. Itace ba ya saurin ɗaukar zafi ya watsar kamar ƙarfe, don haka tuwo yakan jima da ɗuminsa a ciki, hannunka kuma ba ya ƙonewa idan ka ɗauka. Kafin kula ta zo daga Sin, akushi da faifai su ne kular Bahaushe.

Haka kowane kaya yake da itacensa. Turmin kirki na kirya ne, domin tana da nauyi da tauri, gara ma ba ta cika son ta ba, shi ya sa maƙera suke son gawayinta. Allo an fi yin sa da aduwa, saboda fuskarta tana yin santsi, tana karɓar tawada, kuma tana jure wanki na shekara da shekaru. Akwai maɗaci, akwai danya, akwai maje, kowanne masassaƙi ya san abin da ya dace da shi. Wannan ilimi ne cikakke, sai dai ba a rubuta shi a littafi ba, yana cikin kan mutanen da 'ya'yansu yanzu sun koma acaba da sayar da katin waya.

Bari in tsaya kaɗan a kan allo, domin a ganina shi ne sarkin kayan gado a gidan Musulmi. Allon saukar Baba yana rataye a ɗakinsa, da zayyanarsa ja da kore da ɗorawa, an naɗe mariƙinsa da fata. A kan wannan allo ya fara babbaƙu da farfaru, a kansa ya kai ƙarshe, sau dubbai an rubuta an wanke. Yau ƙannena suna zuwa Islamiyya da jaka da littafi da biro, kuma ban ce laifi ba ne, karatu suke yi sosai, wasunsu ma sun fi mu tajwidi. Amma littafin nan kafin ƙarshen zango ya yage an sayi wani. Babu abin da yaro zai ɗauka bayan shekara talatin ya nuna wa ɗansa ya ce a kan wannan na koyi Fatiha. Idan akwai allon mahaifinka ko na kakanka a gida, don Allah ka je yanzu ka duba inda yake. Na sha ganin allo an jingine shi a bayan gida kusa da kwata, alhali ayoyin Allah sun shekara arba'in suna sauka a kansa.

To ba aikin gizago ne kaɗai aikin hannu ba, kuma a nan ne zaman Kurmi ya nuna mini abin da ba lalle in gani a ƙauyenmu ba. A kasuwar katako ta Bodija, da gefen tituna da yawa a cikin Badun, akwai masu sassaƙa da injin juyi. Su ne suke yi wa kafintoci ƙafafun gado da na tebur da sandunan matakalar bene. Yadda abin yake, ana ɗaure guntun itace tsakanin ƙarafa biyu masu tsini, inji ya riƙa juya shi da gudu, shi kuma mai aikin ya ɗora cizal a kan wani ƙarfe da ke gabansa ya riƙa kusanto da bakinsa a hankali. Sai ka ga ɓawon itace yana tashi kamar taliya, abin da yake mai kusurwa huɗu ya koma mulmulalle, nan ya yi ciki, can ya yi wuya, cikin 'yan mintoci. Nakan tsaya kallo idan Baba ya aike ni wajen, har in manta da aiken. Akwai wani dattijo Bayerabe da muka saba, na tambaye shi wata rana, na ce, "Baba, ai injin ne ke yin aikin ko?" Ya yi dariya, ya miƙo mini cizal ɗin ya ce in gwada. Ban karɓa ba, domin na ga tabon da ke hannunsa. Injin juyawa kawai yake yi. Zurfin yanka da inda za a tsaya da yadda za a bi jijiyar itace don kada ya tsage, duk a hannun mutum suke, kuma in ka kafa bakin ƙarfen ba daidai ba, itacen zai fizge shi ya jefo maka.

Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. A Masar akwai zane a kabarin wani mutum mai suna Petosiris, na kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ke nuna mutum biyu suna aikin, ɗaya yana juya itacen da igiya, ɗaya yana riƙe da ƙarfen. Har yanzu a kasuwar Marrakesh ta Maroko akwai masu juya itace da baka irin ta harbi, hannu ɗaya yana jan bakar, yatsun ƙafa suna taya riƙe cizal. Alhazanmu da suka taɓa zagaya tsohon garin Jidda sun ga dogayen gidajen nan masu tagogin katako da suka turo waje, waɗanda saboda irinsu ne UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. A tsohuwar Alƙahira ma akwai tagogi da aka haɗa da ƙananan guntayen itace da aka juya ɗaya bayan ɗaya, dubbai a taga guda. Kai, carbin itacen da ke aljihun dattawanmu na zawiya, kowace ƙwaya sai da aka mulmula ta aka huda. Carbin da mutum ya shekara talatin yana lazimi da wazifa da shi, har ƙwayoyin suka yi sheƙi da gumin hannunsa, a ce ranar da ya rasu ba a san inda ya shiga ba, ko yara sun tsinke shi suna wasa da ƙwayoyin, wannan ba daidai ba ne.

Na san hujjojin da ake kawowa, domin a gida ma ina shan su. Na farko na Baba ne da kansa. Shi ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa, abin da ba ya juyawa ya kawo riba a wurinsa kaya ne kawai. Na taɓa ce masa, "Baba, me zai hana mu sa a yi wa akushin Kaka ɗan akwati mai gilashi?" Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, boko ya ɓata ka. Akushi na cin tuwo ne. In kana son ka girmama ta, ka yi mata addu'a." Maganar addu'a gaskiya ce, babu ja. Maganar gilashi ma na yarda da shi daga baya, domin akushin da aka kulle ba a taɓawa bushewa yake yi ya tsage, amfani da shafa mai su ne suke raya shi. Amma shi kansa Baba, duk da wannan magana, ranar Sallah a cikin akushin nan yake cewa a zuba masa tuwo, kuma ba ya yarda yaro ya wanke shi sai Inna. Ke nan a zuci ya san abin da nake nufi, baki ne kawai bai saba faɗa ba.

Na biyu, masu cewa ajiye kayan mamaci hanyar shirka ce, daga nan ake fara bautar gumaka. Ina girmama wannan tsoro, kuma zama cikin mutanen da wasunsu ke da sassaƙe-sassaƙen addinin gargajiya ya sa iyayenmu sun ƙara taka-tsantsan. To amma akushi ba siffar mutum ba ce, ba ta dabba ba, ba a roƙonsa komai, ba a yanka masa komai. Idan ya halatta ka gaji rigar mahaifinka ka sa ranar Juma'a, ban ga abin da zai hana ka gaji kwanon cin abincinsa ba. Akwai kuma masu camfi, waɗanda ke cewa tsohon kaya ba a san abin da aka binne a cikinsa ba, wai turmin tsohuwa yana daka da kansa da dare. Waɗannan ba ni da abin ce musu sai dai Allah ya sawwaƙe.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba na wasa da ita. Ana cewa mu baƙi ne, ɗakin haya muke ciki, kullum ƙafarmu ɗaya tana waje. Wanda bai san ranar da za a ce ya tashi ba, me zai yi da turmin kirya da sai ƙarti biyu sun ɗaga? Duk wanda yake Badun a watan Fabrairu na 2021 ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, mutane suka fita da abin da ke jikinsu kaɗai. Wanda ya ga wannan ba za ka zo kana yi masa wa'azin akushi ba. Wannan tunani ne ya sa Bahaushen Kurmi yake tara abin da zai iya naɗewa ya sa a aljihu, ya gina gidansa na gaske a Arewa, nan kuwa ya zauna a kan tabarma da katifa ko da ya shekara hamsin. Na fahimci haka. Amma mu da aka haifa a nan fa? Ni an haife ni a Sabo, a nan na yi firamare da sakandare, Yarabanci a bakina kamar ruwa. Idan na je Gaya ce mini ake ɗan Kurmi, idan na dawo nan ce mini ake ɗan Arewa. Irinmu muna da yawa, kuma mu ne muke bukatar wani abu a cikin ɗaki da za mu taɓa mu ce daga can muka fito. Ba kuma dole sai turmi ba. Allo yana shiga jaka, carbi yana shiga aljihu, koshiya da mataji ba su kai nauyin wayar hannu biyu ba. In har tsoron gobara da rikici ne, to a kai babban kayan gida Arewa a damƙa wa wanda zai kula, wannan ya fi a bar wa gara.

Wani abin da ke ba ni haushi kuma yana ba ni dariya shi ne, a duk Afirka ta Yamma babu wanda ya san kuɗin tsohon itace kamar Bahaushe. Ka je kasuwar kayan gargajiya ta Lekki a Ikko ka ga su waye a rumfunan. Wani Bature mai suna Christopher Steiner ya rubuta littafi sukutum a 1994 a kan dillalan kayan sassaƙa na Abidjan, kuma da yawa daga cikinsu Hausawa ne, masu shiga ƙauyuka suna sayo tsofaffin kujeru da ƙofofi da fuskokin dodanni na wasu ƙabilu suna sayar wa Turawa. Sun san cewa tsufa da dattin hannu da gyaran tsaga su ne suke ƙara wa kaya kuɗi, har akwai masu shafa wa sabon aiki hayaƙi da ƙasa don ya yi kama da tsoho. Wato mun iya gane darajar kayan kakan wani, namu kuwa mu ba da shi a karɓo roba. Idan wani ya zo gidanku yana tambayar ko akwai tsohon akushi ko allon zayyana na sayarwa, ka san ba don yana son tuwo ba ne.

Maƙwabtanmu Yarabawa ma abin ya taɓa cin su. Akwai wani shahararren masassaƙi, Olowe na garin Ise, wanda ya rasu a 1938. Ƙofar da ya sassaƙa wa fadar sarkin Ikere an ɗauke ta aro zuwa baje kolin da aka yi a Wembley ta Ingila a 1924, ba ta sake dawowa ba, tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, shi kuma sarkin aka aiko masa da kujerar sarauta ƙirar Ingila a madadinta. Duk sanda na tuna wannan labari, bokitin 'yan gwangwan ne ke faɗo mini a rai. Sai dai su sun farga. Sun san sunayen masassaƙansu, suna alfahari da su. Lamidi Fakeye, mutumin Ila Orangun da ya rasu a 2009, da sassaƙa ya kai ga koyarwa a jami'ar Ife. Mu kuwa wa ya san sunan wanda ya sassaƙa akushin gidansu? Na tambayi Gwaggo, ta ce ita dai ta san ana ce masa Sarkin Sassaƙa, shi ke nan.

Kuma wanda yake ganin in wannan ya lalace sai a sayi wani, ya sake tunani, domin itacen kansa yana ƙarewa. Madobiya, wadda ake ji da ita wajen kyau da ƙarko, an yi mata wawaso a shekarun baya ana loda ta a kwantena zuwa Sin, musamman daga dazukan Taraba. Wata ƙungiyar kare muhalli mai suna EIA ta fitar da rahoto a 2017 cewa gungume sama da miliyan 1.4 aka fitar daga Nijeriya ta haramtacciyar hanya, kuma a 2018 aka dakatar da ƙasar daga cinikinta a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Kirya kuma masu gawayi sun sa ta gaba, duk wanda ya bi hanyar Iseyin zuwa Shaki ya ga buhunan a jibge a bakin titi. Yau idan ka je sayen turmi, sau da yawa na itace marar ƙarfi za a ba ka an shafe shi da kala, ka yi daka wata shida gindinsa ya zube. Turmin da kakarka ta bari, irin bishiyar da aka sare aka yi shi da ita sai an tona kafin a samu mai kaurinta a yanzu.

Akwai kuma batun harshe, wanda shi kaɗai ya isa a yi masa zama na daban. Na gwada ƙannena da 'ya'yan maƙwabta, na ce su gaya mini mene ne maburgi, mene ne koshiya, mene ne lugude. Shiru. Turmi ma wasu da sunan Yarabanci suka fi saninsa, saboda sakwara. Kalma ba ta zama a bakin yaro idan abin da take nufi ba ya cikin gida. Yaron da bai taɓa jin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ba, suna jefa taɓarya sama suna tafawa, yaya zai gane idan aka yi wa mutum kirari da turmin tsakar gida sha lugude?

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Idan an zo rabon gado, a sa waɗannan kaya cikin lissafi kamar kowane kaya, a yi musu kuɗi ko kaɗan ne, wanda yake so a cikin magada ya ɗauka a cikin kasonsa da yardar sauran. Da zarar abu ya zama na wani takamaimai, ya sami mai kula da shi. Malamanmu masu rabo su ne za su fi iya tuna wa mutane wannan, domin su ake saurara a ranar. Sannan tun masu labarin suna raye, a samu ƙusa mai zafi ko alƙalami marar gogewa a rubuta a gindin kayan, da ajami ko da boko, sunan mai shi da garin da ya fito da shekarar da aka kawo shi. Na yi wa na Kaka haka da izinin Baba, layi biyu ne kawai.

Kuma kada mu tsaya a kan na da kawai, mu ma mu sa a yi mana namu. Idan za a aurar da ƙanwarka, a cikin kuɗin da za a zuba wa kujerun garin katako da aka matse, waɗanda ruwa na taɓa su suke kumbura, a cire kaɗan a sa a yi mata kujerar tsuguno ta loko ko ƙaramin akwati na maɗaci da sunanta a jiki. Mai injin juyi zai iya fitar maka da kwano da murfinsa, ko abin ɗora Alƙur'ani mai ƙafafu, ko sanda ga tsoho, in ka yi masa bayani kuma ka biya shi kuɗin aikinsa ba tare da ka yi masa cinikin tumatir ba. Sai dai a kula da abu ɗaya da dattijon nan na Bodija ya koya mini: ka tabbata itacen ya bushe sosai kafin a taɓa shi. Iskar Kudu tana da laima, itacen da aka yi aiki da shi ɗanye a Badun in ka kai shi Kano cikin hunturu, kafin sati biyu za ka ji ya yi ƙara ya tsage, musamman idan an bar zuciyar itacen a tsakiyar kayan. Wanda aka kawo daga Arewa kuma, abin da ke damunsa a nan shi ne fumfuna da gara, don haka kada a ajiye shi a kan ƙasa ko jikin bango mai danshi, a ɗora shi a kan wani abu inda iska ke ratsawa. Kada a jiƙa akushi cikin ruwa a bar shi ya kwana, kada a shanya shi a tsakiyar rana, a wanke a goge nan take. Lokaci-lokaci a shafe shi da man kaɗe, ya fi man gyaɗa domin shi ba ya saurin yin wari. Abin da za a ci abinci a ciki kuma kada a yarda kafinta ya shafa masa fenti ko man ƙyalli na kujeru, komai kyan da zai ce zai yi.

Idan Allah ya kai mu ƙarshen wata zan raka kayan Baba zuwa Shagamu, kuma an ce mini akwai wani tsoho mutumin Zazzau a Sabon can da har yanzu yake sassaƙa muciya da koshiya da gizago. Zan neme shi in ji wane itace yake samu a wannan yanki, kuma ko akwai yaron da yake koya a hannunsa.